Darasi na 9: Ciyayi Masu Mamaya da Lafiyar Abincin Dabbobi a Inugu, Anaca da Fatakwal

MANUFOFIN DARASI

Idan mai koyo ya gama wannan darasi, ana so ya iya:

1. bambance ciyawa mai mamaya da ciyawa mai guba;
2. gane ciyawar Awolowo da lantana da ƙaya mai naɗe ganye, ko a tsaye suke ko a cikin dami;
3. faɗin dalilin da ya sa dabbar da aka sauke daga tirela ta fi saurin cin abin da zai cutar da ita;
4. gyara ɓawon rogo kafin a ba dabba;
5. sanin abin yi da abin bari idan ana zargin dabba ta ci guba.

1. DABBAR AREWA A ƘASAR KUDU

Mafi yawan shanu da tumaki da awakin da ake yankawa a Inugu da Anaca da Fatakwal daga Arewa ake kawo su, wasu ma daga Nijar da Cadi. Ana loda su a kasuwanni irin su Maigatari, Wudil, Illela, Fataskum da Mubi, a sauke su a Ugwuoba da ke kan hanyar Inugu zuwa Anaca, ko Amansea kusa da Awka, ko Lokpanta ta jihar Abiya a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal. Daga nan suke watsuwa zuwa mahautai da unguwanni. Sana'ar ba ta yau ba ce. Malam Umaru Altine, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, mutumin ƙasar Sakkwato ne kuma falken shanu.

Abin da ya sauya shi ne yadda ake ciyar da dabba bayan ta iso. A watan Mayun 2021 gwamnonin Kudu suka taru a Asaba suka tsayar da shawarar hana kiwon sake. Jihar Ribas ta sa hannu a tata dokar a watan Agusta, Inugu kuma a watan Satumba na 2021 ɗin. Ko da babu doka ma, gine-gine sun cinye filayen da ake kora dabbobi a da. Saboda haka yanzu dabbobi da yawa a turke suke ko cikin shinge, ciyawa kuwa yankowa ake yi a kawo musu a baro, ko a babur, ko a Keke Napep.

A nan ne haɗarin yake. Saniyar da ke kiwo a jejin da ta tashi a ciki tana zaɓe. Takan shinshina ganye ta wuce, don tun tana maraƙa ta ga abin da uwarta ke ci da abin da take tsallakewa. Wadda aka ɗaure ba ta da wannan dama. Abin da aka zuba mata shi za ta ci, balle idan an sassara shi an cuɗanya. Wato aikin da hancin saniya ke yi a jeji ya dawo wuyan mai yankan ciyawa da mai sayenta.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa a kan dabbar da aka sauke yau. Na farko baƙunta: ba ta san tsirran ƙasar ba. Na biyu yunwa: ta kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, a tsaye cikin mota ba ci ba sha na kirki. Na uku sauyin abinci: tumbinta ya saba da kara da harawa da dusa, sai ga shi an cika shi da ɗanyen ganye mai ruwa a zama ɗaya.

┌ AKWATIN MA'ANA NA 1
│ Ciyawa mai mamaya: tsiron da ke yaɗuwa da sauri ya kori sauran tsirrai daga fili. Galibi daga wata ƙasa aka kawo shi.
│ Ciyawa mai guba: tsiron da ke sa dabba ciwo ko ya kashe ta idan ta ci.
│ Kiwon turke: ajiye dabba wuri ɗaya ana kawo mata abinci da ruwa.
│ Toho: sabon ganyen da ke fitowa bayan sara, ko gobara, ko ruwan farko.
└

2. MAMAYA DABAN, GUBA DABAN

Kada a haɗa biyun. Gwaska da samberu da tururibi duk suna kashe dabba, amma 'yan ƙasa ne, ba su kori kowa daga fili ba. Kacala kuwa ba a san ta da kashe saniya ba, amma duk mutumin Haɗeja da Nguru ya san abin da ta yi wa fadamunsu bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992: ruwa ya daina ja da baya yadda ya saba, ta toshe hanyoyinsa, ta cinye makiyaya da gonakin shinkafa. Haka garmani ya cika burtalai da yawa a jihar Maraɗi, har dabba ta ratsa fili kore shar ba ta sami abin kirki da za ta ci ba. A Kudu kuma akwai kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ta shigo ta rafin Badagiri a 1984, yau tana kan kogin Neja da rafukan yankin Fatakwal.

Wanda ya fi damun mai dabba shi ne tsiron da ya haɗa halayen biyu. Ya kori ciyawar kirki, sa'an nan shi da ya rage a filin yana da guba. Irin waɗannan za mu duba yanzu.

3. CIYAWAR AWOLOWO

Idan za a riƙe tsiro ɗaya kawai daga wannan darasi, to wannan ne. Masana na kiranta Chromolaena odorata. Asalinta nahiyar Amurka ce, daga can ta je Asiya. Masu binciken tsirrai sun rubuta cewa ta shigo Nijeriya wajen 1937, cuɗe da irin itacen malaina da aka kawo daga Sirilanka, kuma a kusa da Inugu aka fara ganinta a farkon shekarun 1940. Ashe ke nan mazauna Inugu a ƙofar da ta shigo suke zaune. Ta bazu a Kudu a zamanin da sunan Cif Obafemi Awolowo ke tashe a siyasa, shi ya sa aka laƙa mata sunansa. A Gana kuwa Acheampong suke ce mata. Da sunan Awolowo za ka tambayi manomi ko mai yankan ciyawa ya gane abin da kake nufi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙuwa ta haura shekara 80 ba ta da niyyar tashi.

Yadda ake gane ta. Takan yi tsawon mita 2 zuwa 3, ta yi rassa masu yawa suna hawa kan juna har wuri ya cushe. Ganyenta biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna, masu faɗi a gindi da tsini a kai, gefensu da 'yan haƙora. Juya ganyen ka duba: jijiyoyi uku ne manya suka taso daga gindinsa. Murtsuke shi ka shinshina, za ka ji wari mai ƙarfi da ba ya ɓuya. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, takan yi ƙananan furanni fari-fari masu ɗan shuɗi. Idan suka bushe sai iri mai gashi ya fito, iska ta kwashe shi. Gindi ɗaya na iya zubar da iri dubbai.

Ɓarnarta ta farko ita ce kashe makiyaya. Tana son wurin da aka share aka bari: saura, gefen titi, ƙarƙashin wayar lantarki, filin da aka yanka ba a gina ba. Waɗannan kuwa su ne wuraren da masu yankan ciyawa suka dogara da su. Idan ta rufe wuri da inuwarta, gamba da sauran ciyawar da shanu ke so ba sa iya tasowa. Da rani kuma busassun rassanta kan ci wuta sosai, bayan gobara ita ce ke riga kowa tohowa.

Ɓarna ta biyu guba ce, kuma iri biyu ce. Tohonta na tara wani sinadari da ake kira naitiret. Idan ya yi yawa a tumbi sai ya juye ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iska, dabba ta riƙa haki tana rawar jiki, cikin sa'o'i kaɗan ta faɗi. Idan aka yanka ta, jinin ba ja ba ne sosai, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu. A ƙasar Filifin an danganta mutuwar shanu da cin wannan toho. Guba ta biyu ba ta gaggawa. Wani sinadari ne da ke cin hanta a hankali, dabba ta yi ta ramewa ana ta ba ta maganin tsutsa ko na sammore a banza.

A ƙa'ida saniya mai ƙoshi ba ta kula ta, warin ya ishe ta. Akuya kan ɗan tsinka ta wuce. Mai yunwa ce ke ci, ko wadda aka sassara mata ita cikin ciyawa mai daɗi.

Wajen kawar da ita, sara kaɗai ba ya yi, sai ma ya jawo tohon da muke gudu. Sai an tono gindin da saiwarsa, kuma a yi haka kafin ta yi fure, wato kafin ƙarshen damina ya wuce. Wanda ya sare ta bayan iri ya nuna ya taya ta shuka ne. A nan akwai abin lura na zaman tare. Manoman Kudu da yawa ba sa ganinta abokiyar gaba tsantsa: wasu na barinta a saura don ganyenta na gyara ƙasa, ana kuma matsa ruwan ganyen a kan sabon rauni. Don haka tsabtace harabar kara, wato kasuwar shanu, da bayan gidanka haƙƙinka ne, amma shiga filin wani da adda ko lauje, ko da ciyawa kawai za ka yanka, sai da izinin mai shi. Rigingimu da yawa tsakanin masu dabbobi da masu gona daga dami ɗaya suka fara.

MISALI NA 1: LISSAFIN DAMI

Sa yakan ci ɗanyar ciyawa kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a rana. A ce wani falke yana da shanu 8 a turke, kowanne kilo 300.

Abincin sa ɗaya: 300 ÷ 10 = kilo 30.
Abincin duka: 30 × 8 = kilo 240 a rana.
Idan dami ɗaya kilo 20 ne: 240 ÷ 20 = dami 12.

To, a ce da ya kwance dammunan ya tsince ciyawar Awolowo da ƙaya, sai ya zubar da kilo 4 daga kowanne. Saura kilo 16. Yanzu 240 ÷ 16 = dami 15. Ya ƙara sayen dami 3 kullum. Idan dami naira 1,000 ne, asararsa naira 3,000 ce a rana, naira 21,000 a mako. Falken da ya gane wannan lissafi yakan zauna da mai yankan ciyawa su yi ciniki a kan dami mai tsabta, ko da zai ɗan ƙara masa kuɗi.

4. LANTANA DA SHINGEN GIDAJE

Lantana ita ma daga nahiyar Amurka take. Don ado aka kawo ta, ana shinge da ita, daga baya ta tsallake ta shiga jeji. Wasu a Arewa na ce mata kimbar maharba. Karanta mai kusurwa huɗu ne da ƙananan ƙayoyi, ganyenta kaushi gare shi da ƙamshi mai hawa kai. Furanninta ƙanana ne a dunƙule, curi ɗaya kan haɗa rawaya da ja ko ruwan hoda. 'Ya'yanta kore ne, idan sun nuna su yi baƙi, tsuntsaye su ci su yaɗa irin.

Gubarta hanta take kamawa. Bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki dabba takan daina ci, kashinta ya bushe, idonta da dasashinta su yi rawaya irin ta shawara. Daga nan sai rana ta fara ƙona ta: ta riƙa neman inuwa, hanci da kunnuwa su kumbura su tsage, fata ta saɓule a wuraren da ba su da duhun launi. Mutane kan ɗauka kirci ne. Bambancin shi ne kirci ba ya zuwa da rawayar ido, kuma ba ya sa dabba gudun rana haka.

Masu kiwon awaki da raguna a cikin gari su ƙara kula da wani abu. Masu gyaran furanni kan aske shingen gidaje da ofisoshi su zubar da ganyen a bakin titi, yaro ya gani kore shar ya kwaso. Cikin itatuwan adon nan akwai mai dogon siririn ganye da fure rawaya mai siffar ƙararrawa, wanda ke fitar da farin ruwa idan an karya shi. Gubarsa zuciya take tsayarwa, kuma ɗan kaɗan ya isa. Dokar mai sauƙi ce: askin shingen da ba ka san itacensa ba, ba abincin dabba ba ne.

5. ƘAYA MAI NAƊE GANYE

Wannan 'yar'uwar ƙaidaji ce, masana na ce mata Mimosa diplotricha, asalinta Barazil. Tana yaɗo ta lulluɓe ciyawa a gefen hanyoyin Kudu. Karanta cike yake da ƙayoyi masu lanƙwasa, furenta ɗan curi ne ruwan hoda, ganyenta kuma naɗewa yake idan an taɓa. Tana yayyage hannun mai yanka da bakin dabba, kuma a Indiya an sami shanun da ta lalata wa ƙoda. Cikin dami ba ta da wuyar ganewa, ita ce za ta fara kama maka riga.

MISALI NA 2: RANAR SAUKE KAYA

A ce tirela ta iso kara da la'asar. Wani dattijo da ɗan ƙanensa, wanda bai daɗe da zuwa Kudu ba, suna sauke shanu.

"Kawu, ga ciyawa can bayan shinge ta yi kyau. In kora su su ɗan taɓa? Tun jiya ba su sa komai a ciki ba."

"A'a, ɗana. Yunwar ce ma ta sa ba za ka kora su ba. Je ka tsinko mini ganye ɗaya daga can."

"Ga shi, Kawu."

"Murtsuke ka shinshina. Ka ji? Juya bayansa, jijiya nawa ka gani?"

"Uku."

"To ita ce Awolowo, kuma toho ne, ba a daɗe da sare wurin ba. Fara ba su ruwa kaɗan-kaɗan, kada su yi masa shan hauka. In sun huta ka kwance harawar da muka taho da ita. Gobe ka haɗa musu ɗanya kaɗan a kan busasshiya, kullum kana ƙarawa. Wanda bai sami mai saye da wuri ba, kafin kwana goma cikinsa ya saba."

Abin da dattijon ya yi ke nan: ya kashe yunwar da abincin da tumbi ya sani, kafin ya gabatar da wanda bai sani ba. Kuɗin 'yan dammunan harawa da aka ɗora a kan tirela tun daga Arewa bai kai kuɗin ƙafar sa ɗaya ba.

6. ƁAWON ROGO

Rogo ba ciyawa mai mamaya ba ne, amma ba a maganar abincin dabba a Kudu a tsallake shi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma duk inda ake garin kwaki ɓawo na nan tsibi-tsibi, da araha ko ma kyauta. Abinci ne mai sa ƙiba idan an gyara shi. Idan ba a gyara ba yana kisa.

Duk Bahaushen da ya yi kiwo ya san gyauron dawa, ya san ba a barin dabba ta faɗa masa. To, gubar da ke cikin gyauro ita ce a cikin ɗanyen rogo, sunanta sayanayid. Ta fi yawa a ɓawo da ganye, musamman na rogo mai ɗaci wanda aka fi yin gari da shi. Tana da sauri ƙwarai. Wani lokaci kafin sa'a ɗaya dabba ta fara haki da tangaɗi, ta faɗi tana shure-shure. Jininta yakan yi ja wur fiye da ƙima, saɓanin na naitiret mai duhu.

Sa'ar da aka yi ita ce wannan guba tana bin iska ta fita idan an farfasa ɓawon an shanya shi. A wanke ƙasar da ke jikinsa, a shimfiɗa shi da sirara a kan siminti ko tamfol, ana juyawa, har sai ya bushe yana karyewa ƙaras. Ganyen rogo kuma a bar shi ya yi yaushi a rana tukuna. Ruwan da ake matsewa daga rogon gari kada dabba ta kusance shi sam.

Matsalar ita ce damina. Ruwan da ke sauka a Fatakwal ya wuce milimita 2,000 a shekara, ninki biyu ko fiye na abin da Kano ke samu, don haka ɓawo kan yi fumfuna kafin ya bushe. Masu bincike na cibiyoyin ILRI da IITA a Ibadan sun fito da dabarar da ke rage wannan wahala: a markaɗa ɓawon a injin da ake markaɗa rogo, a zuba a buhu a danne shi ya kwana ruwan ya tsane, sa'an nan a barbaza a shanya ko a gasa sama-sama. Da haka abin da ke cin kwanaki yana bushewa da wuri.

┌ AKWATIN MA'ANA NA 2
│ Naitiret: sinadarin da toho ke tarawa, musamman a wuri mai taki da yawa. Yana mai da jini ruwan ƙasa-ƙasa.
│ Sayanayid: gubar gyauron dawa da ɗanyen rogo. Tana sa jini ya yi ja wur.
│ Fumfuna: farin ko koren gashin da ke fitowa a kan abinci mai laima. Wata tana da gubar da ke lalata hanta, har ta bi nono.
└

MISALI NA 3: RAGUNAN UWARGIDA

A ce wata uwargida a unguwar Hausawa ta Anaca tana turke raguna 3 don babbar salla. Maƙwabciyarta mai yin gari ta ba ta buhun ɓawo ɗanye. Me za ta yi? Ba za ta zuba musu ranar ba. Za ta wanke, ta shanya, ta jira ya bushe sarai. Ranar farko ta ba kowane rago cikin tafi ɗaya haɗe da dusa, bayan sun riga sun ci ciyawa. Ta ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako. Da yake ɓawon rogo ƙarfi kawai yake bayarwa, ba ya gina tsoka, sai ta haɗa da harawa ko kowa ko ƙulin auduga. Idan ta buɗe buhu ta ji warin ruɓa ko ta ga fumfuna, taki ya zama.

7. A INA AKA YANKO?

Ciyawar kirki ma tana zama guba saboda wurin da ta fito. Manoma da masu share gefen titi suna fesa maganin kashe ciyawa, kuma wani maganin sai bayan kwanaki ciyawar ke nuna alama. A yankin Fatakwal akwai ƙarin damuwa: wuraren da ɗanyen mai ya malala, da baƙar toka da ta fara sauka a kan birnin a 2016. A ko'ina kuma a guji bakin garejin makanikai, inda ake zubar da baƙin mai da tsofaffin batura, da bola, inda dabba ke haɗiye leda. Ciyawar bakin fadama kuwa ita ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Saboda haka tambaya ta farko ga mai kawo dami ita ce inda ya yanko, kafin a zo kan nawa ne.

8. IDAN DABBA TA FAƊI

Janye sauran dabbobin daga abincin nan take, ko da ba su nuna komai ba. Kai marar lafiyar inuwa, kada a kora ta da gudu. Ajiye ragowar damin ko ɓawon, don likitan dabbobi zai so ya gani. Kira shi da wuri ka gaya masa abin da ta ci, da lokacin, da launin dasashinta. Gubar naitiret da ta sayanayid duka suna da allurar da ke karya su, amma allurar kowacce daban take, kuma sai an yi ta cikin gaggawa. Akwai ofisoshin likitocin dabbobi na jiha, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka da na jami'ar aikin gona ta Umudike.

Kada a ɗura wa dabbar da ke haki ko shure-shure manja ko ruwan kanwa. Ba ta iya haɗiya daidai, abin sai ya bi ta huhu, wadda da za ta tashi ta mutu da ciwon da muka jawo mata.

Saura magana mai nauyi. Kowa ya san abin da ake yi idan sa ya faɗi: a nemo wuƙa kafin ya zama mushe. Ba laifi ba ne mutum ya tsare dukiyarsa. Amma yanka yana halatta nama ne, ba ya cire guba daga cikinsa. Dabbar da ake zargin ta ci maganin feshi ko wani abin da ba a sani ba, sai ma'aikacin duba nama ya gani kafin a kai ta teburin mahauci, kayan cikinta kuwa a binne. Haka nonon saniyar da ke jinyar guba, ba a sayarwa, ba a ba yara.

9. KADA A KAI TA GIDA

Tirelar da ta kawo shanu ba ta komawa da iska kawai. Irin ciyawar Awolowo kan maƙale a taya, a buhu, a gashin dabba, da cikin ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasan mota. Ta riga ta kai jihohin tsakiya irin su Binuwai da Kogi. Tsawon rani ne ke taka mata birki a can ƙuryar Arewa, amma fadama da bakin madatsar ruwa ba su san rani ba. A share mota kafin ta juya, a tara shimfiɗar a ƙone ta a wuri ɗaya, kuma kada a ɗauki furen ado daga Kudu a kai gida don ya yi kyau a ido.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin ciyawa mai mamaya da ciyawa mai guba? Kawo misali ɗaya na kowacce daga garinku na asali.
2. Waɗanne abubuwa uku ne ke sa dabbar da aka sauke daga tirela cikin haɗari?
3. Ta yaya ciyawar Awolowo ta shigo Nijeriya, kuma a kusa da wane gari aka fara ganinta?
4. Faɗi alamomi uku da za ka gane ganyenta da su a cikin dami.
5. Don me sara kaɗai ba ya kawar da ita? A wane lokaci ya fi dacewa a tone ta?
6. Saniya ta daina ci, idonta ya yi rawaya, tana gudun rana. Wane tsiro za ka fara zargi, kuma me ya bambanta wannan da kirci?
7. An yanka dabbobi biyu da suka faɗi. Jinin ɗaya ja wur, na ɗayar ruwan ƙasa-ƙasa. Wace guba ake zargi a kowacce?
8. Kana da shanu 5, kowanne kilo 250. Kilo nawa na ɗanyar ciyawa za su ci a rana? Idan dami kilo 25 ne, dami nawa za ka saya?
9. Bayyana matakan gyara ɓawon rogo a lokacin damina.
10. Aikin gida: zagaya kara ko unguwar da kake zaune tare da wanda ya daɗe a garin, ku tsinko ganyen tsirrai uku da dabbobi ke ƙi. Tambayi sunan kowanne a harshen mutanen wurin, ka kawo su aji a darasi na gaba.